Daga Tarihin Magabata: Alhaji Alhassan Ɗantata, Maigidan da Ya Tayar da Yara

 A wannan makon shafinmu na tarihi zai waiwayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, Allah Ya jiƙansa. Kowa ya san shi da dukiya, har yaranmu da aka haifa a nan Badun sun ji sunan. Mu dai abin da ya sa muka ɗauko shi, samarin nan ne da ke sauka daga motocin kaya a bakin kasuwa kullum, ba su san kowa ba, ba wanda ya san su. Shi ma fa a irin wannan hali ya fara.

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da aka sani da fatauci mai nisa. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma ana kiran ta Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka mahaifin ya rasu. Sai uwar ta tashi ta koma Ankara, babban birnin Gana a yau, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami Ɗantata. Kun ga ke nan, sunan da ya cika duniya na wadda ta yi riƙo ne.

A Bebeji ya yi karatun allo, ya sha wuyar da almajiri ke sha, ya yi aikin ƙarfi don ya sami na abinci. Ana ba da labari cewa Tata ce ta koya masa tanadi, yana jefa ɗan abin da ya samu a asusu. Da ya kai kamar shekara 15 sai ya bi ayarin fataken Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba, ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a can. Da ya isa, uwar ba ta zaunar da shi a ɗaki ya ci ya kwanta ba. Wurin malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa har ya komo gida.

Bayan rasuwar Sarkin Kano Bello a 1893 aka yi basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Yaƙin ya ci Bebeji, aka kama Alhassan da wasu 'yan uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Wato ya yi maraici, ya yi almajiranci, ya ɗanɗani kamu, duk kafin ya mallaki wani abin kirki.

Daga nan ya rungumi cinikin goro. A lokacin da sauran fatake ke bin tsohuwar hanyar ƙasa da jakuna wata da watanni, shi sai ya biyo ta nan Badun ya sauka Ikko, ya riƙa ɗora kaya a jirgin ruwa tsakanin Ikko da Ankara da Sekondi. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi haka. Da jirgin ƙasa ya fara aiki har Kano a 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 kamfanin Neja na Turawa, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Kafin a je ko'ina ya zama babban attajirin Kano. Da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya yi aikin Hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, ya biya ta Ingila har aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar.

To, a nan ne darasin yake. Mutum ɗaya ba ya sayen gyaɗar ƙasar Kano da hannunsa. Yara gare shi masu yawa. Yakan ba yaro kuɗi a hannu ya tura shi ƙauye ya yi awo, ya kawo kaya, a zauna a yi lissafi. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa, gobe ya zama wakili a wata kasuwa, jibi shi ma ya ɗauki nasa yaran. Jinginar da yaron ya bayar ita ce halinsa da wanda ya tsaya masa. Alhaji ya yi sadaka irin wadda aka sani, ya biya wa mutane kujerar Makka, yakan yanka shanu ya raba wa talakawa da Babbar Salla. Amma nama kwana biyu ne ya ƙare, jarin da ya saka a hannun saurayi kuwa ya ciyar da gida har jikoki. An kuma san shi da tsimi, ba ya wasa da kwabo, shi ya sa yaransa ma ba su yi wasa da nasa ba.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza kamfanin, su kuma kula da dangi, musamman marasa ƙarfi. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. 'Ya'yansa irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu suka ɗora. Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, shi ma da rancen da kawunsa ya ba shi ya fara kasuwanci a 1977. Ai ka ga abin gado ne.

'Yan uwa, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun da aka kafa Sabo a 1916, a kansa unguwar ta tsaya. Shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa, a tsakiya kuma akwai maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Saurayi ya zo daga Katsina ko Sakkwato da 'yar jakarsa, maigida ya ba shi wurin kwana, ya fara da ɗaurin huhu ko kiwon shanu a kara, ya zama dillali, ya koyi Yarbanci, idan ya isa aure a yi masa. Dattawanmu da ke sahun gaba a masallaci, ku tambaye su, yawancinsu ta wannan ƙofa suka shigo.

Yau abin ya yi rauni. Tun da aka buɗe Kasuwar Bodija a 1987 jama'a ke ƙaruwa, masu ɗaukar yara kuwa suna raguwa. Yaro ya sauka, ya karɓi hayar baro ko ya hau acaɓa, dare ya yi ya kwanta a bakin rumfa. In ya yi ciwo ba mai kai shi asibiti, in an kama shi ba mai zuwa beli, in saɓani ya haɗa shi da Bayarabe ba ya jin abin da ake faɗa, balle ya ba da haƙuri. Irin wannan yaron ne mai sayar da ƙwaya ke fara samu. Ba mu manta da rikicin Sasa na watan Fabrairun 2021 ba, yadda 'yar ƙaramar magana ta cinye rayuka da rumfuna. Saurayin da ke da maigida da rumfa da abokan ciniki Yarbawa, shi ne na farko wajen kashe wuta, don yana da abin da zai rasa.

Gaskiya ne akwai manyan gidauniyoyi a ƙasar nan. Gidauniyar Ɗangote tana aiki tun 1994. Ta Tony Elumelu kuma tun 2015 take ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000, sai dai ta intanet ake nema, da rubutaccen tsarin sana'a. Yaranmu da suka yi boko su nema, za mu taya su cikewa. Amma ɗan dakon da ko waya mai kyau ba shi da ita, gidauniyarsa ita ce ku da ke karanta wannan takarda.

Saboda haka kwamitin masallaci yana roƙon abu biyu. Na farko, duk mai rumfa, na hatsi ne ko na tumatur da tattasai ko na shanu, ya ɗauki yaro ɗaya a bana, ya koya masa awo da lissafi, ya gabatar da shi ga shugabannin layinsa, Hausawa da Yarbawa. Na biyu, za a ajiye asusu a ƙofar masallaci kowace Juma'a. Abin da ya taru rance ne ba ruwa, ga saurayin da wani dattijo ya tsaya masa. In ya biya, a miƙa wa na bayansa, kuma za mu riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Mun san wani zai ce an taɓa cin amanarsa. Haka ne, ana yi. Shi ya sa muka ce a fara da kaɗan, da shaida, da mai tsayawa.

Ku kuma samari, kada ku jira a neme ku. Ku zo ku ba da sunanku da garinku da sana'ar da kuke so a ofishin sakatare bayan sallar La'asar, daga yau har Alhamis.

Allah Ya gafarta wa Alhaji Alhassan Ɗantata da tsohuwar da ta riƙe shi, da iyayenmu da suka kafa Sabo. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.

Sakataren Masallaci