COLIN CHAPMAN, MAƘERIN MOTAR LOTUS

An haifi Colin Chapman a Ingila ran 19 ga Mayu, 1928, ya yi karatun injiniya a Landan. Cikin 1948 ya sami wata tsohuwar Austin 7 ƙirar 1930, ya kwance ta, ya bar shasi da inji, ya ɗora mata sabon bodi marar nauyi, ya raɗa mata suna Lotus. Dabararsa ita ce rage nauyi, don mota sakayau ta fi saurin tashi da shan kwana.

Ya kafa kamfani cikin 1952. A 1957 ya fito da Lotus Seven, wadda akan sayar a kwance, mai ita ya harhaɗa abarsa a gida, ya huta da harajin sabuwar mota. Sau bakwai kamfaninsa na cin kambin Formula 1.

Amma fa nasarar ta zo da hawaye, gama a 1968 direbansa kuma amininsa Jim Clark ya mutu cikin Lotus wajen tsere a Jamus.

Chapman ya mutu ran 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54. Har yau kamfanin Caterham, wanda ya sayi ƙirar Seven a 1973, yana ƙera ta.