Shehu Mustafa Abdurrazik: Almajirin Azhar da Ya Karanta Falsafa a Faransa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, duk mun san yadda hankalin iyaye yake tashi a zangonninmu, daga Nima har Kumasi, idan yaro ya ce zai je Legon ya karanta falsafa. Tsoronsu shi ne kada ya dawo yana jayayya da addininsa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin wasu sun tafi haka kuma sun ɓace. Shi ya sa a wannan fitowa muka kawo tarihin wani malami da ya bi wannan hanya ya dawo da imaninsa, har ya zama Shehun Azhar.

An haifi Mustafa Abdurrazik a shekarar 1885 a ƙauyen Abu Jirj, cikin lardin Minya na ƙasar Masar. Gidansu gidan arziki ne da ilimi. Ya fara da Alƙur'ani kamar kowane almajiri, sannan aka kai shi Azhar a birnin Alƙahira tun yana yaro. A can ya zauna gaban Shehu Muhammad Abduh, wanda ya koya wa almajiransa cewa hankali ba abokin gabar wahayi ba ne. Abduh ya rasu a 1905, shi kuwa Mustafa ya sami shahadar Alimiyya a 1908.

A 1909 ya tafi Faransa. Ya fara da Jami'ar Sorbon a birnin Faris, inda ya halarci darussan Emile Durkheim, masanin halayyar zaman jama'a. A 1911 ya koma birnin Liyon, ya yi aiki tare da Farfesa Edouard Lambert a kan shari'ar Musulunci, yana kuma koyar da Larabci a jami'ar birnin. Daga baya an raba wannan jami'a, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gare ta har ta yi haraba a Bron, gabas da Liyon. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, sai ya koma gida.

A zamaninsa, wasu masanan Turai irin su Ernest Renan suna cewa Musulmi ba su da falsafa tasu, wai ta Girka ce kawai suka juya cikin Larabci. Mustafa bai yi zagi ba, bai kuma rufe kunne ba. Ya koyi harshensu, ya karanta littattafansu, ya gane yadda suke kafa hujja, sannan ya ba su amsa da irin ma'auninsu.

A 1927 aka ɗauke shi koyar da falsafa a Jami'ar Masar, wadda yanzu ake kira Jami'ar Alƙahira, a 1935 kuma ya zama farfesan falsafar Musulunci. Abin da ya koyar a aji ya tattara a littafinsa na 1944 mai suna Tamhid li Tarikhil Falsafatil Islamiyya. A ciki ya nuna cewa Musulmi sun fara zurfafa tunani tun kafin a fassara littattafan Girka, wato ta hanyar ijtihadi a kan hukunce-hukunce. Ya ce duk mai neman tushen tunanin Musulmi ya duba ilimin usulul fiƙhi, musamman Risala ta Imamu Shafi'i, inda aka tsara ƙa'idojin fitar da hukunci bisa tsari na hankali. Cikin ɗalibansa har da Najib Mahfuz, marubucin da ya sami kyautar Nobel a 1988.

Ya riƙe muƙamin ministan waƙafi sau da dama. A watan Disamba na 1945 aka naɗa shi Shehun Azhar, duk da cewa wasu manyan malamai ba su so ba. Da ya hau kujerar, sai ya ajiye sarautar Basha da Sarkin Masar ya ba shi. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa ranar 15 ga Fabrairu, 1947.

To, 'yan'uwa, mu lura da yadda ya jera karatunsa. Bai taka ƙasar Faransa ba sai da ya ƙoshi da Alƙur'ani da fiƙhu da Larabci, shi ya sa iskar Faris ba ta kayar da shi ba. Wanda zai shiga jami'a daga cikinmu kada ya yi sallama da makarantar malam. Ya riƙa komawa da littafinsa duk lokacin hutu. Iyayenmu kuma muna roƙonsu da ladabi, maimakon su hana, su ƙarfafa tushe. Idan babu namu a ajin falsafa, wasu ne za su ci gaba da bayyana mana ko mu su wane ne.

Allah ya jiƙan Shehu Mustafa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.