Luwis Ricadsan, mai lissafin hadari

Manomi yakan dubi gabas ya ce hadari ya haɗu. Amma wa zai gaya masa tun yau abin da sama za ta yi gobe? Wani mutumin Ingila, Luwis Ricadsan, ya ce lissafi zai iya.

An haife shi a garin Niyukasal a shekara ta 1881. Iyayensa ƴan wata ɗarikar Kirista ne wadda ta hana ɗaukar makami. Ya yi karatu a Kembirij, a 1913 kuma ya kama aikin awon yanayi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Farko bai shiga soja ba. A 1916 ya tafi Faransa yana tuƙa motar ɗaukar masu rauni. In ya samu hutu, sai ya zauna bisa tarin ciyawa da takardunsa. Ya raba taswirar tsakiyar Turai gida-gida, kamar gurbin dara. Ya ɗauki awon zafi, da gudun iska, da nauyinta, na ranar 20 ga watan Mayu 1910. Yana so ya gano da alƙalami yadda yanayi zai canza cikin awa shida. Aikin ya ci masa aƙalla sati shida! Amsar kuma ba ta yi daidai ba. Ta nuna nauyin iska ya hau ƙwarai, alhali a ranar da ƙyar ya motsa.

Takardun ma sun ɓace cikin yaƙi. Bayan watanni aka tsince su ƙarƙashin tarin kwal. A 1922 ya buga littafinsa, har da amsar da ta kuskure, bai ɓoye ta ba. Ba kowane malami ke yin haka ba. Ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayi gudu.

Tun 1920 ya bar aikinsa, don an sa ma'aikatar ƙarƙashin hukumar sojan sama. Daga baya ya koma binciken abin da ke haddasa yaƙi.

A 1950, a Amurka, inji mai ƙwaƙwalwa ya yi irin lissafinsa, amsa ta yi kyau. Ricadsan ya ga sakamakon, ya yi murna. Ya rasu a 1953. Daga baya masana suka gano hanyarsa daidai take, awon da ya fara da shi ne ba a tace ba.