Janar Saini Kunce na Nijar (1931-1987): Amanar Abincin Agaji da Ragamar Mulki

An haifi Saini Kunce a ranar 1 ga Yuli, 1931, a garin Fandu da ke ƙasar Zabarmawa, cikin gidan sarautar Tondikandiya. Ya yi karatu a makarantun 'ya'yan soja na Kati, a Mali ta yau, da Sanluwi a Senegal, sannan ya shiga rundunar Faransa, wadda ta kai shi fagen daga a Indocina da Aljeriya. Bayan Nijar ta sami 'yancin kai a 1960 ya dawo cikin sojojin ƙasarsa, har ya zama babban hafsan hafsoshi a 1973.

Wannan muƙami ya same shi ne a tsakiyar farin da ya addabi yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974. Dabbobi sun hallaka, rumbuna sun ƙone, makiyaya da manoma suka yi ta kwararowa birane. Ƙasashen waje sun aiko da hatsi mai yawa, amma kaso mai tsoka bai isa ga mabuƙata ba. Wasu jiga-jigan gwamnatin Jori Hamani da na jam'iyyar PPN-RDA sun riƙa ɓoye shi, suna jiran farashi ya tashi su sayar. Sojoji kuwa, da yake su ake turawa kai kayan ƙauyuka, sun ga wannan ta'asa da idanunsu. A ranar 15 ga Afrilu, 1974, Kunce ya kifar da gwamnatin, uwargidan shugaban ƙasa, A'isha Jori, ta rasa ranta a wannan dare.

Majalisar ƙoli ta soja da ya kafa ta sa batun abinci a gaba. An ƙwato hatsin da aka ɓoye, an buɗe cibiyoyin rabo, an gurfanar da tsofaffin jami'ai gaban bincike. Kunce ya shahara da kai ziyarar ba-zata ofisoshin gwamnati, abin da ya sa ma'aikata suka shiga taitayinsu. Kuɗin yuraniyam na Arlit da Akuta sun ba shi damar gina hanyoyi da madatsun noman rani da rumbunan ajiya na ƙasa. Ya kuma farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya domin aikin gayya. A 1984 fari ya dawo, ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har talakawa suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A wannan karo rabon agaji ya fi na baya tsari, masu bayar da tallafi kuma suka ƙara amincewa da gwamnatinsa.

Sai dai gyaran nasa ya dogara ne ga tsoron mutum ɗaya. Ya soke majalisar dokoki da jam'iyyu, ya ƙuntata wa 'yan jarida, ya tsare Jori Hamani da Jibo Bakari shekaru ba tare da shari'a ba. Rashawar da ya kora daga ofisoshi ta sami mafaka a fadarsa: Amadu Umaru, wanda aka fi sani da Bonkano, amininsa kuma mai ba shi shawara kan tsaro, ya tara dukiya mai yawa, daga bisani ya yi yunƙurin kifar da shi a Oktoban 1983. A shekarar ce kuma faɗuwar farashin yuraniyam ta tilasta wa Nijar karɓar sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Kunce ya rasu a wani asibiti a Paris ranar 10 ga Nuwamba, 1987, sakamakon ciwon ƙwaƙwalwa, Ali Saibu ya gaje shi. Babban filin wasa na Yamai yana ɗauke da sunansa. Har yau mutanen Nijar na tuna zamaninsa da tsare dukiyar jama'a, amma da yake bai bar kotu ko majalisa mai 'yancin bin bahasin masu mulki ba, tsantsenin da ya dasa bai daɗe ba bayan rasuwarsa.