Elihu Washburne, Jakadan Da Ya Ƙi Barin Paris

A lokacin da Shugaba Grant na Amurka ya naɗa Mista Elihu Washburne jakada a Faransa cikin shekarar 1869, mutane da dama sun ɗauka sakayya ce kawai irin ta siyasa. Suna da hujja kuwa, domin mutumin bai taɓa yin aikin jakadanci ba, kuma shi ne ya yi ta tallafa wa Grant tun yana hafsan da ba a san shi ba har ya zama babban janar.

An haifi Washburne ran 23 ga Satumba, 1816, a garin Livermore cikin Jihar Maine. Kantin mahaifinsa ya karye tun yana yaro, saboda haka ya bar gida yana ɗan shekara 14 don neman na kai. Ya yi aiki a maɗaba'a, sa'an nan ya karanta shari'a a Jami'ar Harvard, ya koma garin Galena na Jihar Illinois ya kama aikin lauya. Daga 1853 zuwa 1869 yana cikin Majalisar Wakilai, kuma aminin Shugaba Lincoln ne. Ya riƙe Sakataren Harkokin Waje, amma bai cika mako biyu a kan kujerar ba aka tura shi Paris.

Shekara guda da 'yan watanni bayan isarsa, watau cikin Yuli 1870, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Purushiya, wadda ta ke jagorancin ƙasashen Jamus. Jakadan Jamusawa ya tattara ya tafi, ya bar dubban mutanensa a Paris, yawancinsu talakawa, masu shara da leburori da barorin gida. Aka roƙi Amurka ta kula da su, gwamnatin Faransa kuma ta yarda. Da aka ba da odar korarsu a ƙarshen Agusta, ofishin Washburne ya cika maƙil da mata da yara marasa kuɗin jirgi. Shi da 'yan ma'aikatansa suka yi ta ba da takardun tafiya dare da rana, suna shirya jiragen ƙasa, har aka fitar da Jamusawa kimanin 30,000. Ga kuma Amurkawa 'yan yawon buɗe ido da ɗalibai, kowa yana neman hanyar gida.

Ran 19 ga Satumba sojojin Jamus suka kewaye birnin. Jakadun manyan ƙasashe, har da na Ingila, suka fice. Washburne ya aika da iyalinsa Brussels, shi kuwa ya zauna, domin akwai sauran Amurkawa a cikin birnin, kuma ba su da inda za su kai kuka sai ofishinsa. A ƙarshen Oktoba ya shawo kan ɓangarorin biyu suka buɗe hanya, wani ayarin Amurkawa ya wuce ta tsakanin sojoji lafiya.

Ƙawanyar ta kai fiye da wata huɗu. Abinci ya ƙare, aka koma cin dawaki da karnuka da ɓeraye, har giwayen gidan ajiye namun daji ba su tsira ba. Sanyi ya tsananta, itace ya yi wuya, ran 5 ga Janairu 1871 kuma aka fara ruwan harsashin igwa. A cikin wannan hali Washburne yana ciyar da Jamusawa wajen 3,000 waɗanda suka maƙale, alhali 'yan uwansu ne ke harbin garin. Ba ƙaramar kasada ba ce a gaban jama'ar da yunwa ta fusata. Jakarsa ta wasiƙu kuma ita ce Bismarck ya yarda ta riƙa shiga tana fita, don haka ta hannunsa ɓangarorin biyu suka riƙa aika wa juna saƙo.

Paris ta miƙa wuya ran 28 ga Janairu, amma kafin a huta sai tawayen da ake kira Komun ya tashi ran 18 ga Maris. Gwamnati ta gudu Versailles. Washburne ya riƙa kai da kawowa tsakanin garuruwan biyu, bai rufe ofishin Paris ba. A nan ne ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. 'Yan tawaye sun tsare babban limamin Katolika na birnin, Georges Darboy, a kurkukun Mazas. Ba Ba'amurke ba ne, ba kuma wanda ya wajabta wa jakadan shiga maganar, amma ya nemi izini ya ziyarce shi, ya kuma kai batun musanya shi da wani ɗan juyin juya hali da gwamnati ke tsare da shi. Gwamnati ta ƙi. Ran 24 ga Mayu, 1871, aka harbe Darboy.

Abin da ya yi wa Jamusawa shi ne aka riƙa kafa misali da shi daga baya, idan ƙasa biyu suka yanke hulɗa, ta uku ta kula da mutanen ɗayarsu.

Ya bar Paris a 1877 ya koma Chicago, inda ya rubuta tarihin shekarunsa na jakadanci. Ya mutu cikin Oktoba 1887 yana da shekara 71, aka binne shi a Galena.