Shehu Magili, Baƙon Da Ya Kare Ilmin Manɗiƙi

Yawancinmu mun san sunan Shehu Magili ta wajen Sharifan Kano, amma kaɗan ne suka san gwani ne a manɗiƙi, wato ilmin auna hujja. Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarimu, mutumin Tilmisan a Aljeriya ta yau. Ya zauna a Tuwat, inda zafinsa ya kai ga rushe majami'ar Yahudawa, abin da wasu malaman zamaninsa ba su goyi baya ba. Wajen 1492 yana Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi kan wajiban sarakuna.

To, jayayyarsa da Shehu Suyuɗi na Masar ita ta fi shafarmu. Suyuɗi ya haramta manɗiƙi, ganin daga Yunanawa aka samo shi. Magili ya mayar masa cikin waƙa cewa gaskiya ake dubawa, ba wanda ya kawo ta ba. Iyayenmu na Sabo masu hana yara karatun falsafa a jami'a, sai su sani manyan malamai ma sun saɓa a kai.

Daga baya ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu. Can ya ji an kashe ɗansa a Tuwat, ya koma, ya rasu wajen 1504.