Coningham, matuƙin da ya fara sauka Kano

A shekarar 1899 sojojin Faransa suka zo Lugu, garin Sarauniya, wasu bisa dawaki, wasu a ƙasa. Shekara 26 bayan nan sai ga baƙi sun iso ƙasar Hausa ta sama. Shugabansu wani matuƙin jirgi ne mai suna Arthur Coningham.

An haife shi a Ostareliya a 1895, amma a Nuzilan ya girma. Ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ciwo ya kwantar da shi har aka sallame shi. Da ya warke sai ya tafi Ingila a 1916, ya koyi tuƙin jirgin sama.

Ran 27 ga Oktoba 1925 ya tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, da jirage 3. Ƙanana ne, na itace da ƙyalle, kowane ɗaya mutum 2 yake ɗauka. Tsakanin Alƙahira da Kano kilomita 3,000 ne da ɗoriya in an miƙe sak. Amma jiragen nan ba su iya miƙewa, don man da ke cikinsu ba ya kai su nesa. Sai suka bi kogin Nilu zuwa Hartum, sannan suka juya yamma ta Fashir, Abeshe, Fort Lami (Njamena ta yau) da Maiduguri. Kowane zango sai an sauka an zuba mai, an duba inji. In matuƙi ya ɓata lissafin nisa ko na lokaci, mai zai ƙare masa a daji, inda babu rijiya, babu mai ceto.

Ran 1 ga Nuwamba suka sauka Kano, a zamanin Sarki Usman. Babu filin jirgi a lokacin, filin sukuwa aka ba su. Tafiyar ta ci kwana 6. Hanyar nan kuwa ita ce ta mahajjata, waɗanda kan yi watanni bisa ƙafa, wasu ma shekaru. Yau jirgin fasinja yakan tashi Alƙahira ya sauka Kano cikin kamar awa 5.

A Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar da ya buɗe ta yi amfani ƙwarai. Akan haɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana, a bi da su ta Kano zuwa Masar. Shi ne kuma ya shugabanci mayaƙan saman Ingila a hamadar Libiya.

A Janairun 1948 ya shiga wani jirgi a matsayin fasinja, daga tsibiran Azor zuwa Bamuda. Tafiya ce mai nisa bisa teku, ga iska tana tura jirgin baya. Da dare, ran 30 ga wata, aka daina jin muryarsu a rediyo. Mutum 31 ne a ciki. Har yau ba a ga ko ɓaraguzan jirgin ba.